Ma'aunin SERVQUAL

SERVQUAL wani ma'auni ne da ake amfani da shi wajen binciken gamsuwar abokan ciniki, inda ake auna giɓin da ke tsakanin abin da mutum yake tsammanin samu daga wata hidima da kuma abin da ya gani da idonsa bayan an yi masa hidimar. Malaman jami'a uku a Amurka ne suka tsara shi, wato A. Parasuraman da Valarie Zeithaml da Leonard Berry, a cikin wasu maƙalu da suka wallafa tsakanin shekarar 1985 da 1991. An samo sunan ne daga farkon kalmomi biyu na Turanci masu nufin "hidima" da "inganci". Ana amfani da ma'aunin a bankuna da asibitoci da kamfanonin sadarwa da makarantu da ɗakunan karatu da ma'aikatun gwamnati, kuma yana daga cikin ma'aunan da ɗaliban kasuwanci da na gudanarwa a jami'o'in Najeriya suka fi ɗora bincikensu a kai.

Tushen ma'aunin shi ne cewa ingancin hidima ba abu ba ne da ake iya ɗorawa a sikeli ko a auna da mudu. Buhun masara ana iya buɗe shi a duba kafin a biya, amma aski ko ganin likita ko tura kuɗi ta banki ba a sanin kyansu sai ana cikin yi ko bayan an gama. Saboda haka wanda aka yi wa hidimar shi ne alƙali, kuma hukuncinsa yana fitowa ne daga kwatanta abin da ya zo da shi a zuciya da abin da ya tarar.

## Tarihi

Kafin SERVQUAL, masana halayyar mai saye sun riga sun yi rubutu a kan rawar da tsammani yake takawa. Richard Oliver ya wallafa wata maƙala a 1980 a mujallar *Journal of Marketing Research* inda ya bayyana cewa gamsuwa tana zuwa ne idan abin da aka samu ya kai ko ya zarce abin da aka zata, rashin gamsuwa kuma idan ya gaza. A ƙasar Finlan, Christian Grönroos ya raba ingancin hidima gida biyu a 1984: abin da abokin ciniki ya samu, da kuma yadda aka ba shi.

A 1985 Parasuraman da Zeithaml da Berry, waɗanda a lokacin suke Jami'ar Texas A&M, suka fitar da maƙalarsu ta farko a mujallar *Journal of Marketing*. Sun tattauna da shugabannin kamfanoni da kuma rukunonin abokan ciniki a fannoni huɗu: banki, katin bashi, dillancin hannun jari, da gyaran kayan aiki. Daga wannan suka fitar da abubuwa goma da mutane suke dubawa, tare da giɓi biyar da suke jawo lalacewar hidima.

A 1988 suka wallafa ma'aunin kansa a mujallar *Journal of Retailing*. Sun fara da jimloli 97, suka yi ta tacewa ta hanyar lissafi har suka rage 22, sannan abubuwa goman nan suka dunƙule suka koma biyar. A 1990 suka fitar da littafin *Delivering Quality Service* domin manajoji, a 1991 kuma suka yi wa ma'aunin gyaran fuska.

## Ginshiƙai biyar

Jimloli 22 na ma'aunin sun kasu a ƙarƙashin ginshiƙai biyar:

1. Zahiri (jimla 4): abin da ido yake gani, kamar gini da kayan aiki da tsabta da shigar ma'aikata.
2. Cika alkawari (jimla 5): yin aikin da aka ce za a yi, daidai, a lokacin da aka faɗa, ba tare da kuskure ba.
3. Hanzari (jimla 4): shirin ma'aikata na taimakawa da sauri, da gaya wa mutum lokacin da za a biya masa buƙata.
4. Amintarwa (jimla 4): sanin aiki da ladabi, da sa abokin ciniki ya ji kuɗinsa ko lafiyarsa ko sirrinsa suna hannu nagari.
5. Kulawa (jimla 5): ɗaukar kowane mutum da halin da ya zo da shi, da buɗe wurin aiki a lokutan da suka dace da jama'a.

A binciken waɗanda suka ƙirƙiro ma'aunin, cika alkawari ne ya fi muhimmanci a wurin abokan ciniki, zahiri kuma ya zo na ƙarshe. Ma'ana, fenti da kujeru masu kyau ba sa rufe laifin wurin da yake saɓa alkawari.

## Giɓi biyar

Maƙalar 1985 ta nuna cewa giɓin da abokin ciniki yake ji a jikinsa yana da asali a cikin gidan mai hidimar.

* Giɓi na ɗaya yana tsakanin abin da jama'a suke so da abin da shugabanni suke zaton suna so. Yana faruwa idan manya ba sa sauraron ƙorafi ko ba sa zama da ma'aikatan da suke gaban kanta.
* Giɓi na biyu yana tsakanin abin da shugabanni suka fahimta da ƙa'idar aikin da suka shimfiɗa. Za su iya sanin cewa mutane suna ƙin dogon layi, amma ba su tsayar da iyakar mintunan jira ba.
* Giɓi na uku yana tsakanin ƙa'ida da aikin da ake yi a zahiri, sau da yawa saboda ƙarancin ma'aikata, rashin horo ko lalacewar kayan aiki.
* Giɓi na huɗu yana tsakanin abin da ake yi da abin da ake faɗa a talla. Yawan alkawari yana ɗaga tsammani, sai hidimar da ba ta canza ba ta koma abin ƙorafi.
* Giɓi na biyar shi ne tsakanin tsammanin abokin ciniki da abin da ya gani. Shi ne sakamakon sauran huɗun, kuma shi kaɗai takardar SERVQUAL take aunawa kai tsaye.

Tsammanin kansa yana fitowa daga abin da mutum ya ji a bakin jama'a, da buƙatarsa, da abin da ya taɓa gani a baya, da kuma tallan mai hidimar.

## Yadda ake aunawa

Takardar tambayoyin tana da kashi biyu. A kashi na farko ana tambayar mutum abin da yake tsammani daga wurin hidima nagari irin wanda ake bincike a kai, misali: "Banki nagari yana yin abin da ya yi alkawari a lokacin da ya faɗa." A kashi na biyu ana maimaita jimlar a kan ainihin wurin: "Bankin nan yana yin abin da ya yi alkawari a lokacin da ya faɗa." Ke nan mutum zai amsa jimla 44. Kowace amsa tana kan tsani mai hawa bakwai, daga 1 (ban yarda ba sam) zuwa 7 (na yarda ƙwarai). Irin wannan tsani ana jingina shi ga Rensis Likert, wanda ya gabatar da shi a 1932.

Lissafin shi ne: makin abin da aka gani, a cire makin tsammani. Sakamakon kowace jimla zai faɗa tsakanin −6 da +6. Sifili yana nufin an cika tsammani, lamba mai alamar ragi tana nufin an gaza, mai alamar ƙari kuma an zarce. Ana fitar da matsakaicin kowane ginshiƙi, sannan matsakaicin duka. Tun daga gyaran 1991 ana kuma roƙon mai amsa ya raba maki 100 a tsakanin ginshiƙan biyar gwargwadon muhimmancinsu a wurinsa, domin a ba kowane giɓi nauyin da ya dace.

### Misalin lissafi

Alƙaluman da ke biye na koyo ne kawai, ba sakamakon wani bincike ba. A ƙaddara ɗalibi ya tambayi masu cirar kuɗi a wani shagon POS a gari irin Madachi da ke ƙaramar hukumar Rano, ya samu matsakaitan maki kamar haka:

| Ginshiƙi | Tsammani | Abin da aka gani | Giɓi | Nauyi |
|---|---|---|---|---|
| Zahiri | 5.6 | 4.8 | −0.8 | 10 |
| Cika alkawari | 6.6 | 4.2 | −2.4 | 35 |
| Hanzari | 6.2 | 4.6 | −1.6 | 25 |
| Amintarwa | 6.4 | 5.8 | −0.6 | 20 |
| Kulawa | 5.8 | 6.0 | +0.2 | 10 |

Jimillar giɓin −5.2 ce, idan aka raba gida biyar sai a samu −1.04. Idan kuma aka ninka kowane giɓi da nauyinsa aka tara, sannan aka raba da 100, sakamakon zai zama −1.42. Bambancin lambobin biyu yana nuna cewa gazawar shagon ta taru ne a wurin da mutane suka fi damuwa da shi. Mai shagon yana da fara'a kuma an yarda da shi, amma ranar kasuwa tsabar kuɗi tana ƙare masa, ko a cire kuɗi daga asusun mutum ba tare da sun fito ba. Da zai kashe jarinsa wajen yi wa shagon fenti, da ya gyara giɓin da bai fi komai ciwo ba. Amfanin ma'aunin ke nan: nuna inda ya kamata a fara kashe kuɗi da ƙarfi.

## Yankin haƙuri

A 1993 masu ma'aunin suka ƙara bayani cewa tsammani hawa biyu ne. Akwai hidimar da mutum yake buri, akwai kuma mafi ƙarancin abin da zai iya karɓa. Abin da ke tsakaninsu shi ne yankin haƙuri. Mai jiran mota a tasha yana burin a tashi nan take, amma zai iya jure rabin awa, bayan haka sai ya sauka ya nemi wata. Wannan yanki yana faɗi ko ya ƙuntata gwargwadon hali. Yana ƙuntata idan buƙatar ta gaggawa ce, ko idan an riga an yi wa mutum kuskure sau ɗaya, ko idan akwai wani wurin da zai iya komawa. Yana faɗi a inda ba zaɓi, kamar garin da asibiti ɗaya ne ko layin waya ɗaya ne yake kamawa.

## Suka

Ma'aunin ya sha suka tun farkon fitowarsa.

* Ko tambayar tsammani tana da amfani? Joseph Cronin da Steven Taylor sun nuna a 1992 cewa auna abin da aka gani kaɗai yana iya hasashen ra'ayin mutane fiye da lissafin giɓi. Suka fitar da SERVPERF, mai jimla 22 kawai.
* Ma'anar tsammani. R. Kenneth Teas ya yi nuni a 1993 cewa masu amsa suna fahimtar kalmar ta fuskoki daban-daban: wani abin da ya kamata, wani abin da yake hasashen zai faru, wani kuma abin da yake buri.
* Yawan ginshiƙai. James Carman a 1990, da wasu bayansa, sun gano cewa ginshiƙan biyar ba sa fitowa daidai a kowace sana'a.
* Lokacin tambaya. Idan an tambayi mutum tsammaninsa bayan an gama yi masa hidima, abin da ya gani ya riga ya gurɓata amsarsa.
* Lissafin giɓi. Tsammani 7 da gani 6 suna ba da −1, haka ma tsammani 2 da gani 1, alhali hidimomin biyu ba ɗaya ba ne. Kuma da yake yawancin mutane suna ba tsammani maki mai yawa, kusan kullum giɓin ragi yake fitowa.
* Tsawo. Jimla 44 suna gajiyar da mai amsa, har ya koma zaɓen lamba ɗaya domin ya huta.

## Ma'aunai masu alaƙa

An gina ma'aunai da dama a kan SERVQUAL ko a gefensa. LibQUAL+ na ɗakunan karatu ne, wanda ƙungiyar ɗakunan karatun bincike ta Arewacin Amurka ta tsara tare da Jami'ar Texas A&M. E-S-QUAL na 2005 na cinikin intanet ne. CARTER, wanda Othman da Owen suka gabatar a 2001 bayan bincike a wani bankin Musulunci na Kuwait, ya ƙara ginshiƙi na shida, wato bin ƙa'idar Shari'a. Wannan ya dace da masu nazarin bankuna marasa kuɗin ruwa a Najeriya, irin su bankin Jaiz da ya fara aiki a 2012.

Akwai kuma tsarin Kano na 1984, wanda sunansa ba shi da alaƙa da birnin Kano: na wani farfesa ne ɗan Japan mai suna Noriaki Kano. Tsarin ya bambanta abin da dole ne a samu, da abin da gamsuwa take ƙaruwa gwargwadon yawansa, da abin da ke burge mutum domin bai zata ba. Ya kuma nuna cewa abin burgewa yana komawa dole idan an saba da shi. Gyara a kasuwar Hausa misali ne: asalinta kyautatawa ce daga mai sayarwa, amma da aka saba, mai awon da bai yi gyara ba sai a ce ya yi rowa.

A matakin ƙasa, Suwidin ta fara ma'aunin gamsuwar abokan ciniki a 1989, Amurka ta bi da ACSI a 1994, dukansu bisa aikin Claes Fornell. A 2003 Fred Reichheld ya gabatar da ma'auni mai tambaya ɗaya, wato ko mutum zai shawarci wani ya yi hulɗa da kamfanin, a kan maki 0 zuwa 10.

## A Najeriya

A watan Maris na 2004 gwamnatin Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da SERVICOM, yarjejeniyar hidima tsakanin gwamnatin tarayya da 'yan ƙasa. An umarci ma'aikatu da hukumomi su rubuta takardar alkawarin hidima, su bayyana abin da ɗan ƙasa zai samu, da tsawon lokacin da zai ɗauka, da inda zai kai ƙara. A harshen SERVQUAL, wannan yunƙuri ne na rufe giɓi na biyu ta hanyar tsayar da ƙa'ida, da kuma ba jama'a abin da za su riƙe su auna aiki da shi.

Misali mafi bayyana na alkawari mai lamba shi ne na wutar lantarki. A 2020 hukumar NERC ta kawo tsarin kuɗin wuta gwargwadon hidima, inda aka raba masu amfani da wuta rukuni biyar: rukunin A aƙalla awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin rukunin A zuwa naira 225 a kan kowane yunit. Tsarin ya shafi dukkan kamfanonin rarraba wuta, har da KEDCO mai kula da jihohin Kano da Katsina da Jigawa. A nan giɓin ba ra'ayi ba ne kawai, domin ana iya ƙirga awoyin wutar da aka samu a kwatanta da na rukunin, kuma ƙa'idar ta tanadi sauke layin da bai cika awoyinsa ba zuwa rukuni na ƙasa.

A fannin sadarwa, hukumar NCC tana da ƙa'idojin ingancin hidima da lambar kai ƙara kyauta ta 622. A fannin banki, kamfanin KPMG yana fitar da rahoton ra'ayin abokan hulɗar bankunan Najeriya a kai a kai, Babban Bankin Najeriya kuma ya fitar da tsarin kare abokan hulɗa a 2016. Hukumar FCCPC, wadda dokar 2018 ta kafa, ita ce ke kula da haƙƙin masu saye gaba ɗaya.

## Amfani da ma'aunin a ƙasar Hausa

An tsara SERVQUAL ne da Turanci domin masu karatu a biranen Amurka, saboda haka mai bincike a Kano ko Katsina ko Maraɗi yana buƙatar lura da wasu abubuwa.

Na farko shi ne fassara. Kalmomin "tsammani" da "zato" da "fata" da "buri" ba ma'anarsu ɗaya ba, kuma kowace za ta jawo amsa dabam. Hanyar da aka saba bi ita ce wani ya fassara takardar zuwa Hausa, wani da bai ga asalin ba ya mayar da ita Turanci, a kwatanta, sannan a gwada ta a kan mutane kaɗan kafin a fita fili.

Na biyu shi ne tsanin amsa. A ƙauyukan Rano da Kibiya da makamantansu, sau da yawa karanta wa mutum tambayoyin ake yi. Riƙe hawa bakwai a ka yana da wuya, don haka masu bincike da yawa suna rage su zuwa biyar, ko su raba tambayar biyu: ka yarda ko ba ka yarda ba, sannan kaɗan ko sosai.

Na uku shi ne kunya da kawaici. Amsoshi irin su "ba laifi" da "da sauƙi" da "mun gode Allah" ba lallai ne su nuna gamsuwa ba. Mutum zai yi nauyin kushe ma'aikacin da yake ɗan garinsu, musamman idan ana tambayarsa a harabar wurin ko a gaban mai unguwa. Yin tambayar a keɓe, da tura mata su tambayi mata a cikin gida, da tabbatar wa mutum cewa ba za a rubuta sunansa ba, suna rage wannan matsala.

Na huɗu shi ne lokaci. Tsammanin manomi daga dillalin taki a farkon damina ba ɗaya ba ne da na bayan girbi, haka ma cunkoson ranar kasuwa ba ɗaya ba ne da na sauran ranaku.

Na biyar, wanda ya fi sauran hatsari, shi ne ƙarancin tsammani. Al'ummar da ta daɗe ba ta ga likita a asibitinta ba tana iya daina tsammanin ganinsa. Idan aka yi lissafi sai giɓin ya fito ƙarami, rahoto ya ce jama'a sun gamsu, alhali sabo ne da rashi. Hukumar da ta dogara da wannan lamba kaɗai wajen rabon kuɗi za ta iya kai gyara unguwar da mutanenta suka iya ƙorafi, ta bar wadda ta fi buƙata. Shi ya sa ake haɗa makin giɓi da abubuwan da ake iya ƙirgawa kai tsaye, kamar mintunan jira, ranakun da magani ya yanke, awoyin wuta, da yawan koken da aka warware, tare da tattaunawa da jama'a domin a ji dalilin da ke bayan kowace lamba.